Abin da Mami Ta Ce Game da Tumatir

Mijina ya shekara goma sha ɗaya a Duwala ta ƙasar Kamaru bai iya Faransanci ba. Ya san gaisuwa, ya san godiya, ya san ƙirga, shi ke nan. In aka ja masa magana mai tsawo sai ya waiwayo ya dube ni, ni kuma in mayar masa da ita Hausa. A asibiti ni ce bakinsa, a makarantar yara ni ce, ko maƙwabci ya zo ƙorafin kwata ni ake ƙwala wa kira. Ni a unguwar New Bell aka haife ni, a nan aka haifi uwata. Kakana ne ya zo fatauci daga Arewa, ya yada zango, bai koma ba. Shi kuwa Malam da girmansa ya zo, daga wani ƙauye na ƙasar Kano inda ubansa da kakansa duk 'yan lambu ne. Ya buɗe rumfar yadi a kasuwa, ya gan ni, ya aure ni. Yana ce mini 'yar Duwala, wai Hausata ta sha ruwan teku. Ni kuma in ce masa baƙauye. Haka muke zaune, ba mai jin kanmu.

Sai gobara ta tashi a layinsu ta cinye rumfar ƙurmus. Ba a fitar da ko ƙyalle ba.

Na ɗauka zai yi wata guda yana jimami ya miƙe, kamar sauran. Ina! Mutumin nan ya shekara cur a kan benci a tsakar gidanmu, tsakar gidan da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ya juya wa ƙofa baya yana kallon katakon bango. In na ajiye abinci ya ci loma biyu ya ture. Abokansa na majalisar bakin masallaci suka yi ta sintiri har suka gaji. Na yi lallashi, na yi faɗa, ni da Allah ya yi da baki, na ce masa, "Malam, yadi ne ya ƙone ko kai ne?" Ko ɗago kai bai yi ba. Daga baya ya fara wata magana da ta fi shirun tayar mini da hankali. Kome aka ce sai ya ce, "In na koma gida." Wata rana na shigo na tarar ya sauko da jakarsa daga saman kwaba yana kakkaɓe ta.

Na faɗa masa gaskiya tun a lokacin, ni ba inda za ni. Uwata ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ni ke ɗawainiya da ita. 'Ya'yana mata biyu da Faransanci suke karatu. Ni kaina ban taɓa wuce Ngaundare ba. Ya ce ba zai tilasta wa kowa ba. To kun ji inda maganar ta tsaya: in ya tafi, shi kaɗai zai tafi, in zama matar da ke jiran waya. Tsoron abin nan ya hana ni sakat, da shi nake kwana da shi nake tashi.

Ina sayar da kayan yaji a kasuwa, kuma kusa da teburina akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Basa mai kawo ganyen miya daga unguwar Logbaba. Kowa Mami yake ce mata. Mun shekara da shekaru muna tsare wa juna kaya in ɗaya za ta kewaya. Ita ta ga ina ramewa ta tsare ni da tambaya, na zazzage mata cikina. Sai ta ce a bayan gidanta akwai fili da ya gangara har bakin rafi, ciyawa kawai ke cinsa tun da mijinta ya rasu. In mijina ɗan manoma ne, ya zo ya taɓa ƙasa, ko zuciyarsa za ta dawo. Ba ta son ko sisi.

Da ƙyar na ja shi. Muka hau bensikin biyu, wato baburan haya, tun daga New Bell har Logbaba, yana ta tsaki a hanya. Amma da muka sauka gangaren nan ya ga ruwa yana gudu a ƙasan fili, sai na ga tafiyarsa ta sauya. Ya tsuguna, ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina. Ya ɗago ya ce, "Tumatir." Wallahi murmushi yake yi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin gobara.

Mami ta tambaye ni me Alaji ya ce, don su duk Bahaushe Alaji ne a wurinsu. Na faɗa mata. Nan take ta kaɗa kai tana kaɗa yatsa. Ta ce a'a, ban da tumatir. Ƙasar nan ba ta son tumatir. Marigayi mijinta ya gwada sau biyu, duk suka mutu a tsaye da ganyensu kore. Ya shuka masara, ya shuka rogo, ya shuka ganye, komai zai yi, amma ban da tumatir da danginsa.

Malam ya waiwayo ya dube ni yadda ya saba. "Me ta ce?"

Na dubi fuskarsa, murmushin bai gama sauka ba. Na ce, "Ta ce Allah ya ba da sa'a."

Ya ce, "Amin, amin. Ki ce mata na gode."

Na juya na ce wa Mami ya ji, amma zai ɗan gwada kaɗan a gefe. Ta ɗaga kafaɗa. Ni a raina cewa nake, tsofaffi da camfi, ƙasa ai ƙasa ce, kuma mijin Mami ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne, ina ya san noman tumatir? Malam kuwa a cikin lambu aka yanke masa cibi. Da haka na rufe bakin zuciyata.

Damina na ɗaukewa ya fara aiki. Ya aika wa ƙanensa ya ba direban motar shanu iri a ƙulle cikin leda, irin gidansu. Ya yi gadon reno a inuwar ayaba. Sannan ya yanka filin fangali-fangali kamar yadda suke yi a can, wato ya haƙa gadaje masu zurfi ya kewaye kowanne da ɗan tudu don su riƙe ruwa. Fangali goma sha biyu ya yi, a jere, da 'yar hanyar ruwa mai ratsawa daga na farko ta faɗa na biyu, ta faɗa na uku, har na ƙarshe can kusa da katangar gefen filin. A bakin rafi kuma ya kafa jigo. Ni ban taɓa ganin jigo ba sai ran nan: dogon itace a kan gwafa, guga a kai ɗaya, dunƙulen laka da duwatsu a ɗaya kan. Ya ja guga ƙasa, nauyin ya ɗago masa shi cike, ya juye a hanyar ruwa. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo, har da masu ɗaukar hoto da waya. Malam ana ta fankama, wai bari ya nuna wa mutanen Kudu noma.

Mami ta sauko ta ga gadajen nan masu zurfi ta riƙe haɓa. Ta ce mini a nan ba a haƙa wa shuka rami, tudu ake yi mata, don ƙasar nan ko da rani cikinta jiƙe yake. Ta ce mijinki kaburbura yake haƙa wa tumatir ɗinsa.

"Me ta ce?"

"Ta ce ka iya aiki."

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, wannan na lura da shi.

Kuma ku zo ku ga yadda mutum ya dawo! Da asuba ya fita, sai la'asar ya shigo da laka har gwiwa yana neman abinci kamar wanda ya yi azumi. Ya koma cin malmala biyu. Ya koma tsokanata, wai 'yar Duwala ba ta san bambancin tumatir da ciyawa ba sai a cikin miya. Ya koma majalisa yana ba su labarin dashe. Jakar nan na mayar da ita saman kwaba da hannuna, na ɗora mata tsohuwar tukunya. Tumatir kuwa ya kama, ya yi duhu, ya yi fure rawaya, ya fara 'ya'ya ƙanana kore. Ran da na je na ga 'ya'yan nan sai da na yi hamdala a fili. Na ce ashe dai camfi ne. Har wani tausayin Mami na ji, na ce baiwar Allah, mijinta ne bai iya ba.

Wata la'asar ya dawo bai nemi abinci ba. Ya ce guda uku a fangalin farko, na kusa da jigo, sun yi yaushi da rana tsaka, amma da yamma sun miƙe. "Ƙishirwa ce," in ji shi. "Zafin garin nan ba irin namu ba ne. Gobe zan ƙara musu."

A garinsu haka abin yake. Tumatir in ya sunkuyar da kai ruwa yake roƙo, ka ba shi ya miƙe. Abin da ubansa ya koya masa ke nan, shi ma daga nasa uban. Ya ƙara ruwa. Washegari ukun nan ba su miƙe ba ko da yamma, kuma wasu bakwai sun bi su. Ganye kore shar, ba rawaya, ba tabo, ba tsutsa, amma ya zube kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Da na ji ya ce "da ganyensu kore", sai na tuna inda na taɓa jin wannan maganar.

Na bar wa babbar 'yata teburin yaji na koma bin sa gona. Kafin mako ya zagayo fangali huɗu sun kwanta. Malam ya koma kamar mahaukaci a kan jigo, tun safe yake ja har tafin hannunsa ya fashe. Ya tona gindin ɗaya yana neman gara, babu. Ya ce ko sammu ne, ya yi tofi a ruwa ya yayyafa. Ya ce ko taki ne ya yi kaɗan. Ran Talata ya ce zai shiga gari ya sayo maganin feshi, in tsaya in ci gaba da buɗe wa ruwa hanya.

Yana hawa bensikin ya tafi, sai Mami ta sauko, da wuƙa a hannu ɗaya, da kofin gilashi cike da ruwan famfo a ɗayan. Ta tumɓuke ɗaya daga cikin masu yaushin, ta yanke karan daga ƙasa-ƙasa, ta nuna mini cikinsa. Maimakon fari, ya yi ruwan ƙasa. Ta tsoma bakin yankan a cikin kofin, ta riƙe shi cak, ta ce in zuba ido. Ban daɗe ba na ga wani farin abu yana zarya daga cikin karan yana sauka a hankali, siriri kamar zare, kamar an ɗiga madara. Kafin wani lokaci ruwan ya yi gauraye.

Ta ce wannan shi ne ciwon. Wata ma'aikaciyar gona ce ta nuna wa mijinta haka a wancan karon. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, a cikin ƙasa suke zaune shekara da shekaru. Ta saiwa suke shiga, su hayayyafa su toshe hanyar da ruwa ke bi ya hau sama. Shi ya sa shukar take yaushi alhali gindinta na cikin ruwa: ruwan ne ba ya wucewa. Kuma ruwan da mijinki ke kwararawa, in ji ta, shi ke ɗaukarsu daga wannan gado ya kai wancan. Fartanyarsa ma tana kai su, da wuƙar da yake rage rassa da ita, da lakar ƙafarsa. Maganin feshi ba ya taɓa su, ko ya zuba kwalba goma.

Na ce, "Mami, to yanzu fa?"

Ta dubi gadajen. Bakwai sun riga sun kamu. Biyar na can ƙarshe kusa da katanga suna nan tsaye lafiya, da 'ya'ya jingim. Ta ce yau ɗin nan, ba gobe ba, a toshe hanyar ruwan. A tumɓuke masu ciwon har da ƙasar gindinsu, a zuba a buhu, a kai nesa a ƙone, kada a jefa a rafi. A wanke fartanya da wuƙa da ruwan javel, wanda muke wanke farin kaya da shi. Kada wanda ya taka gado mai ciwo ya taka mai lafiya sai ya wanke ƙafa. Biyar ɗin can a riƙa ba su ruwan famfo da bokiti, kaɗan-kaɗan, a gindi. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma wataƙila a ci wani abu a cikinsu. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Ma fille, 'yata, ki faɗa masa da kyau. Na ga kamar ba ya jin abin da nake faɗa."

Wayyo ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na zubar da ruwan kofin na miƙa mata. Ina tsaye ina tsara yadda zan fara, sai ga shi ya gangaro da kwalba a leda, da tankin feshi da ya aro a bayansa, yana sauri kamar mai kai mara lafiya asibiti. Ya hango Mami tana hawa, ya ce, "Me tsohuwa ta zo yi? Me ta ce?"

Ku duba abin da ke cikin amsar. In na faɗa masa, na ce masa hannunsa ne ya kashe su, da jigon da yake alfahari da shi. Na ce masa sanin ubansa ba ya aiki a nan. Na ce masa ƙasar nan ba za ta ƙara karɓar tumatir ba sai bayan shekaru. Sannan dole ya tambaya, don shi ba wawa ba ne, me ya sa Mami ba ta faɗa tun farko ba. Jakar nan ta saman kwaba kawai nake gani.

Na ce, "Ta ce zafin rana ne bana. Kowa ma kuka yake."

Ya ce, "Ai na faɗa miki." Ya ajiye tanki ya kama igiyar jigo.

Kwana uku na yi ina taya shi kashe su. Ba wata kalma da ta fi wannan dacewa, na neme ta ban samu ba. Shi yana jan guga, ni ina riƙe da fartanya ina ɓalle bakin fangali, ina kallon ruwa yana ratsa gadajen da suka mutu, ya ɗauko abin da zai ɗauko, ya gangara wurin masu rai. Na yi 'yan dabaru irin na marar gaskiya. In ya juya baya sai in tura laka da ƙafa in toshe hanyar da ke zuwa na ƙarshe. Ya hango ya daka mini tsawa, "Ke wace irin mace ce? Ba kya ganin ruwa ya tsaya?" Ya zo ya buɗe da hannunsa. Na ce masa ko mu huta da ban ruwa kwana biyu mu gani. Ya ce, "Mara lafiya na kukan ƙishirwa ki ce a hana shi ruwa? 'Yar Duwala, tsaya a kan yajinki." Na sayo javel na ɓoye a jaka, na rasa ta inda zan fito da shi. Kowace salla ina roƙon Allah ya sa Mami ta yi kuskure, alhali da idona na ga zaren nan. Sau biyu na buɗe baki a kan hanyar komawa gida, sau biyu na ce bari dai gobe.

Ran Asabar da hantsi muka tarar na takwas da na tara sun sunkuya, na goma ya fara. Malam ya tsaya a tsakiyarsu, hannu duk tsumma saboda fashewa, ya rasa abin da zai yi. Sai kawai ya koma ya kama jigo, don shi kaɗai ya sani.

Ƙarar jigon ce ta sauko da Mami. Ta ga ruwa na gudu a hanyar da ta ce a toshe, ta ga matattun suna nan ba a tumɓuke ba. Ta dube ni, kallo ɗaya, ta koma sama. Na ɗauka fushi ta yi ta tafi. Sai ga ta da kofin da wuƙar. Wannan karon ko inda nake ba ta kalla ba. Ta wuce kai tsaye wurinsa, ta kama hannun rigarsa, ta zaunar da shi a bakin fangali. Ta yanke kara, ta tsoma, ta damƙa masa kofin a hannu.

Gani ya kori ji. Ina tsaye ina kallonsa yana kallon farin zaren yana sauka. Mami ta nuna kofin, ta nuna ƙasa. Ta nuna jigo, ta bi hanyar ruwa da yatsa, gado bayan gado, tana kwantar da tafin hannunta a kan kowanne. Manomi ne ɗan manomi, bai nemi ƙari ba. Na ga lokacin da abin ya shige shi, kafaɗunsa suka sauka. Sannan Mami ta ɗaga yatsu huɗu, ta nuna ni, ta nuna bakinta, ta nuna kunnena.

Ya juyo ya dube ni. Da ya yi magana, a hankali ya yi, da ma ya yi ihu.

"Yaushe ta faɗa miki?"

"Ran Talata."

"Da na tafi sayen magani."

"E."

Ya juya kofin a hannunsa. "Ranar da muka fara zuwa, da ta yi ta kaɗa yatsa. Me ta ce?"

Na faɗa masa. Duka na faɗa, har da maganar kaburbura. Ina kuka ina faɗa, ina cewa Malam don kai na yi, na ga ka yi dariya ne, na ji tsoron jakar nan, ka yi mini rai. Bakin nan nawa da ba ya mutuwa a kasuwa, ran nan surutu kawai yake zubarwa marar kan gado.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya duk abin da aka faɗa mini a garin nan ta bakinki na ji shi." Ya miƙa wa Mami kofinta da hannu biyu, ya ce mata merci.

Shi ya tumɓuke su da kansa, ya hana ni taɓawa. Ya bi yadda Mami ta nuna masa da hannu: har da ƙasar gindi, cikin buhu, can kan tudu nesa da rafi, ya tara busasshen ganyen ayaba ya cinna wuta. Ɗanyen tumatir ba ya son ci, hayaƙi kawai yake yi mai ɗaci, sai da ya wuni a kai. Na fito da javel ɗin nan daga jaka na ajiye kusa da fartanya. Ya dubi kwalbar, ya dube ni, ya gane tun yaushe take wurina, ya ɗauka ya wanke kayan aikinsa. Gado biyu na ƙarshe ya toshe musu hanya yana ba su ruwan famfo da bokiti. Sun yi kwana shida, su ma suka kwanta. Abin da muka tsinka a lambun nan gaba ɗaya bai cika roba ɗaya ba, shi ma kore ne. Ya kai wa Mami.

Mami ta sa na tsaya a gabanta ta ce in faɗa masa, kuma ta riƙe haɓata tana kallon bakina kamar za ta gane Hausar: filin yana nan, ya shuka masara shekara uku ko huɗu ƙasar ta huce, ban da tumatir, ban da tattasai da barkono da gauta. Na faɗa masa kalma-kalma. Ya saurara, ya gyaɗa kai. Ban san ko ya yarda haka ta ce ba.

Ya kwance jigo ya jingine itacen a katanga. Bai koma benci ba, bai yi mini faɗa ba, bai ɗaga mini hannu ba, bai furta saki ba. Da safe ya gaishe ni, in ya ci abinci ya ce an gode. Ranar da mai gyaran wuta ya zo yana bayani, sai na ga Malam ya waiwaya ya kira ƙaramar 'yarmu ya ce, "Me ya ce?" Ina tsaye a wurin. Bayan sati biyu ya sauke tukunyar nan daga kan jaka. Ya ce zai je ya taya ƙanensa noman rani, wata biyu ya dawo. Na riƙe jakar, na ce ya zage ni, ya yi mini duk abin da ya ga dama amma ya zauna. Ya zare hannuna a hankali ya ce in kula da Innata.

Damina uku ke nan bai dawo ba. Yana aiko da abin da ya samu, yana kiran yara. Ni ma muna gaisawa.

Bara na je wurin masu sayar da iri na yi tambaya, na kuma saurara da kyau. Suka nuna mini tumatir mai aure: a yanke kan tumatir a haɗa shi da gindin wata gautar daji mai ƙaya wadda ciwon ba ya kayar da ita da wuri, a ɗaure har su kama juna. Na sayi huɗu. Na sa su a buhunan shinkafa da na huda wa gindi, da ƙasar da na turara a tsohuwar ganga kamar mai dafa dambu, na ɗora su a kan bencin nan don kada ruwan kwata ya taɓa su. Ɗaya ya mutu, uku sun yi. Da suka nuna na ɗauki hoto na tura masa, ban rubuta komai ba. Ƙarya nake in na ce ba kiransa nake yi ba.

Sai bayan kwana biyu ya turo saƙon murya. Ina jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa. Ya ce, "Na gani. Sun yi kyau, 'yar Duwala. Kada ki cika musu ruwa." Ya yi shiru har na ɗauka ya ƙare, na kai yatsa zan sake kunnawa, ina jiran in ji ko zai ambaci rana ko wata. Sai ya ce, "Ki gaishe mini da Mami. Ki ce mata na gode da filinta, ta ba wani, kada ta jira ni. Ki faɗa mata yadda na faɗa."

Washegari a kasuwa na faɗa mata yadda ya faɗa.